Keshi, ɗan wasan da ya zama mai horo

Karatu

In rana ta yi sanyi, yara sukan fita buga ƙwallo. Haka ake yi a unguwar Jadid ta birnin Sabha, haka ake yi a Maraɗi da Damagaram da Kano. Kowane yaro yana son ya zama babban ɗan wasa. Amma ƙafa tana saurin tsufa. In ɗan wasa ya kai shekara 35, galibi gudunsa ya ragu, sai ya bar fili. To, daga nan da me zai ci abinci? Mu karanta labarin Stephen Keshi.

1. Keshi cikin fili

An haifi Keshi ran 23 ga Janairu 1962 a garin Azare, a arewacin Nijeriya. Iyayensa mutanen kudu ne. A Legas ya yi makaranta, a can kuma ya fara wasa. Daga baya ya koma ƙungiyar New Nigeria Bank ta birnin Benin. Mai tsaron baya ne, ƙaƙƙarfa, wanda ya iya tsara abokan wasansa.

A 1982 aka yi gasar Kofin Afirka a ƙasar Libiya. Keshi yana da shekara 20 ya zo tare da ƴan wasan Nijeriya. A birnin Bangazi suka ci Habasha 3 da 0, biyu daga ciki shi ya jefa su raga. Amma Nijeriya ba ta yi nisa ba a wannan shekara. Gana ce ta ɗauki kofin, bayan ta doke Libiya a Tarabulus.

A 1985 ya tafi Abijan, a ƙasar Kot Dibuwar, ya yi wasa a ƙungiyoyi biyu. Mutanen Abijan da Faransanci suke hulɗa. Keshi bai tsaya jiran tafinta ba. Ya buɗe kunne, ya saki baki, har ya iya harshen. Daga nan ya wuce Beljik, ya yi shekara huɗu a babbar ƙungiyar Anderlecht, daga 1987 zuwa 1991. Sannan ya je Strasbourg, a Faransa.

Ya daɗe yana kaftin ɗin ƴan wasan Nijeriya. Suna girmama shi, har suka sa masa laƙabi mai ma'anar "Babban Maigida". A 1994, a Tunisiya, Nijeriya ta ci Zambiya 2 da 1 a wasan ƙarshe, Keshi ya ɗaga Kofin Afirka. A lokacin yana da shekara 32, ciwo kuma ya fara damun sa. Ƙarshen wasansa ya matso.

2. Keshi a bakin fili

Da ya bar wasa, Keshi bai zauna yana ba da labarin jiya ba. Ya je Amurka ya koyi aikin horo. Iya buga ƙwallo daban, iya koyar da ita daban. Mai horo shi ke zaɓen ƴan wasa, ya tsara motsa jiki, ya duba yadda abokan karawa suke wasa, ya nuna wa kowa wurin tsayawarsa. Shi ba ya taɓa ƙwallo. Da ido da baki da tunani yake aiki. In an ci, a yabi ƴan wasa. In an sha kashi, shi ake fara zargi.

A 2004 ƙasar Togo ta ɗauke shi aiki. A nan Faransancin da ya koya a Abijan ya yi masa rana, don kai tsaye yake magana da ƴan wasansa. Togo ƙaramar ƙasa ce, ba ta taɓa zuwa gasar Kofin Duniya ba. Keshi ya sama mata wuri a gasar 2006, ta sha gaban Senegal da Zambiya da Mali. Amma a farkon 2006 Togo ta sha kashi sau uku a Kofin Afirka, a Masar, sai aka sallame shi. Wani mai horo ne ya kai ƴan wasan Jamus. Shi ya yi shuka, wani ya yi girbi.

Keshi bai karaya ba. Ya horar da ƴan wasan Mali daga 2008 zuwa 2010. A 2011 aka ba shi ƙungiyar ƙasarsa. Da gasar Kofin Afirka ta 2013 ta zo, ya bar wasu sanannun ƴan wasa, ya ɗauki mutum shida masu wasa a gida, har da ɗaya daga Kano Pillars. Mutane suka yi ta surutu, suna cewa waɗannan ba za su iya ba. Shi kuwa ya ga aikinsu da idonsa, ya yarda da su.

Nijeriya ta ci Kot Dibuwar 2 da 1, ta ci Mali 4 da 1. Ran 10 ga Fabrairu 2013, a Afirka ta Kudu, ta ci Burkina Faso 1 da 0 a wasan ƙarshe. Sunday Mba, ɗaya daga cikin ƴan wasan gida, shi ya ci ƙwallon. Ta haka Keshi ya ɗauki kofin yana ɗan wasa, ya kuma ɗauke shi yana mai horo. Kafin shi, mutum ɗaya ne kawai ya taɓa yin haka, wato Mahmud al-Gohari na Masar.

A 2014 ya kai Nijeriya zagaye na biyu na Kofin Duniya, a Burazil. A gasar ne Ahmad Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya jefa wa Arjantina ƙwallo biyu. Keshi ya rasu a birnin Benin cikin watan Yuni 2016, yana da shekara 54. An sa wa babban filin wasa na Asaba sunansa.

Mu riƙe

Ƙarfin ƙafa yana ƙarewa, abin da ke cikin kai yana nan. Harshen da Keshi ya koya da karatun da ya yi, su suka ba shi aiki bayan ya daina gudu. Yara, ku buga ƙwallo, amma kada ku bar aji saboda ita.

Kalmomi

mai horo: entraîneur
mai tsaron baya: défenseur
kaftin: capitaine
gasa: compétition
wasan ƙarshe: finale
tafinta: interprète

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Keshi?
2. Me ya yi a Bangazi a 1982?
3. A ina ya koyi Faransanci? Wane amfani harshen ya yi masa?
4. Ku faɗi ayyuka uku na mai horo.
5. Me ake nufi da "shi ya yi shuka, wani ya yi girbi"?
6. Shekara nawa ke tsakanin kofinsa na farko da na biyu?

Aiki

Ku nemi Libiya da Kot Dibuwar da Togo da Mali a taswirar Afirka. Sannan kowa ya rubuta jimla biyar a kan aikin da yake son ya koya ban da ƙwallo, uku da Hausa, biyu da Faransanci.