Daga Motar Kara Zuwa Motar Tsere: Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Mota a Ma'aunin 1:24

Duk wanda ya tashi a Lafani ko wani gari na ƙaramar hukumar Illela ya san motar kara da ta langa-langa: a feƙe kara ko a lanƙwasa ƙarfe, a yanko taya daga tsohon silifa, a ɗaura zare a ja. A Amurka da Turai manya ne ke wannan wasa, har kamfanoni irin su Revell da AMT da Salvinos JR suna sayar da motocin tseren NASCAR ƙanana, a wargaje cikin kwali, mai saye ya haɗa da hannunsa. Abin da ya raba su da motar kara shi ne ma'auni.

Idan aka ga 1:24 a jikin kwali, ana nufin kowane santimita 24 na motar gaske ya koma santimita 1. Kalkuletar waya ta wadatar. Motar NASCAR samfurin Next Gen, wadda ta fara tsere a 2022, tana da tazarar inci 110 tsakanin tayar gaba da ta baya, wato santimita 279. A raba da 24, a samu 11.6. Tsawonta kusan santimita 490 ne, ƙaramar za ta tsaya a wajen 20.4, tayarta kuma wajen santimita 3, daidai faɗin murfin robar lemo. Akwai masu zuwa a 1:25, sai a duba kwali kafin a gauraya kayan wannan da na wancan.

Irin wannan kwali ba a tsintarsa a kasuwar Illela ko ta Birnin Ƙonni, sai an yi oda ta intanet, ga kuɗin aikowa ga tsadar dala. Saboda haka kuskure ɗaya na iya cinye kuɗin da aka yi watanni ana tarawa. Wanda bai da hali yana iya sauke hoton motar ta gefe da ta sama, ya kai shagon buga takardu a fitar masa a tsawon santimita 20.4, ya manna a kan kwali mai kauri ko farin allon roba na masu rubuta allunan talla, ya yanka. Lissafin duk ɗaya ne.

Haɗawa

Sassan suna zuwa maƙale a jikin firam na roba. A fara wanke su da ruwan sabulu, a bar su su bushe. Kada a murɗe sashe da hannu, a yanke shi da abin yanke farce, a goge gurbin da samfefa mai lamba 600. A gwada zaman kowane sashe kafin a sa gam. Gam ɗin da aka yi don irin wannan roba narkar da ita yake yi ya haɗe, don haka ɗigo a bakin tsinken sakace ya isa. Sufa gulu kuwa a nisanta shi da gilashi: tururinsa na barin farin hazo da ba ya gogewa. Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ya dace da gilashi, domin idan ya bushe ba a ganinsa.

Fenti, inda yawanci ke faɗuwa

A nan yanayin Sakkwato yake shigowa. Lokacin hunturu ƙura tana sauka kan ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar bangon laka. Maganinta shi ne a yayyafa ruwa a ƙasa, a fesa da sassafe a inuwa mai iska, sannan nan take a kifa babbar roba mai tsabta a kan bodin. A bazara kuma, da zafi ke haura digiri 40, fenti na bushewa tun a iska kafin ya isa jikin motar, ya fito da gautsi kamar yashi. Shanya bodi a rana don ya yi saurin bushewa ganganci ne, siririyar roba lanƙwashewa take yi.

A girgiza gwangwanin fenti sosai, a riƙe shi kamar taƙi ɗaya daga bodin. Shafe uku marasa kauri, da hutun minti 15 a tsakani, sun fi guda mai kauri da zai zubo. Fentin motocin gaske yana iya cinye wannan roba, shi ya sa ake fara gwadawa a kan firam ɗin da aka cire sassa daga jikinsa. Sitikun da ke cikin kwali na ruwa ne: a tsoma a ruwa mai ɗumi kaɗan na daƙiƙa 15 zuwa 20, a zame su kan bodi, a matse ruwan da tsumma mai laushi. Sai a kan fenti mai sheƙi suke kwanciya. A kan marar sheƙi iska na shiga ƙasansu su yi fari-fari.

Ƙananan abubuwan da ke sa ta yi kama da ta gaske

Motar NASCAR ba ta da fitilun gaske, sitika ce aka manna, kuma ƙofarta ba ta buɗewa, ta taga direba ke shiga. Wanda ya sa mata fitila mai haske ya yi ado, amma ya bar asali. Tagar direba raga ce, guntun gidan sauro da aka shafa wa baƙin fenti zai tsaya a madadinta. Siririyar wayar da ke cikin mataccen iyafis tana zama wayoyin fulogi a kan inji, tef ɗin takarda da aka yanka faɗin milimita 3 kuma ya zama bel ɗin kujera. Tayoyin sulɓi ne babu zane, a ɗan goge su da samfefa su nuna sun taka kwalta. Akwai wani abu da sai mai lura: a filayen da ake zagayawa ta hagu kawai, irin na Daytona, saman tayoyin gaba biyu yana ɗan karkata zuwa hagu. A tsayar da bidiyon tsere a YouTube, a ƙara girman hoton, za a gani.

Masu ganin wannan shirme ne su tuna da Jelani Aliyu, ɗan jihar Sakkwato da ya zana fasalin Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ya kuma shugabanci hukumar NADDC daga 2017 zuwa 2023. A irin ɗakunan zanen da ya yi aiki, ana fara gina mota ƙarama da yumɓu a duba fasalinta kafin a yi babba.

Wajen ɗaukar hoto, a ajiye wayar a ƙasa daidai tsayin taya, a kashe filashi, a ja baya kaɗan a ƙara zum zuwa 2x don kada gaban motar ya kumbura. Baƙar samfefa sabuwa da aka shimfiɗa a ƙasa tana fitowa tamkar kwalta. Idan an gama, a rufe motar cikin roba mai murfi, nesa da taga da hannun ƙanne.