Babi Na Tara: Buddha, Koyarwarsa da Tasirinsa a Kan Harshe da Adabi

9.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi sammako zuwa Panshekara zai tarar da ma'aikata suna tururuwa zuwa masana'antun Challawa, kamar yadda ake yi a Sharada da Bompai. Da dama daga cikin waɗannan masana'antu akwai hannun mutanen Asiya a ciki, musamman Indiyawa da Sinawa. Yaran waɗannan unguwanni suna ganin baƙin, suna kuma kallon finafinan ƙasashensu. Don haka ba abin mamaki ba ne wata rana ɗalibi ya tambayi malaminsa ko wane ne Buddha. Malamin da bai shirya ba yakan sallami yaron da cewa wani gunki ne kawai, alhali kuwa mutum ne da ya rayu, wanda tasirinsa ya kai har bakin ƙofar adabin Hausa. Wannan babi zai bayyana tarihinsa da koyarwarsa, sannan ya nuna rawar da harshe da fassara suka taka wajen yaɗuwarta.

9.1 Taƙaitaccen Tarihinsa

Sunansa na yanka Siddhartha Gautama. Kalmar Buddha laƙabi ce mai ma'anar wanda ya farka. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, a gidan sarautar ƙabilar Shakya. Tsohon lissafi ya sa rayuwarsa tsakanin shekarar 563 da 483 kafin Miladiyya, amma da yawa daga masana na baya-bayan nan suna ganin ya mutu ne wajen shekara ta 400 kafin Miladiyya.

Littattafan mabiyansa sun ruwaito cewa mahaifinsa, Suddhodana, ya killace shi cikin daula don kada ya ga wahalar duniya. Da ya fita kewaya gari sai ya ci karo da tsoho, da majinyaci, da gawa, da kuma wani mai gudun duniya. Abin ya tsaya masa a rai, har ya bar gida yana da shekara 29. Ya shafe shekara shida yana neman mafita, ya horar da jikinsa da yunwa har ya kusa halaka, daga bisani ya gane cewa azabtar da jiki da holewa duk ba su kai mutum gaci. Yana da shekara 35, a ƙarƙashin wata bishiya dangin cediya da durumi, a wurin da ake kira Bodh Gaya, ya ce ya farka. Ya yi huɗubarsa ta farko ga mutum biyar a Sarnath, kusa da Banaras. Ya ci gaba da koyarwa shekara 45, ya mutu a Kushinagar yana da shekara 80.

9.2 Ginshiƙan Koyarwarsa

Koyarwar Buddha ta ginu a kan gaskiya huɗu, waɗanda aka jera kamar yadda mai magani yake duba majinyaci:

(i) Rayuwa cike take da wahala da rashin gamsuwa.
(ii) Tushen wahalar shi ne ƙishirwar zuciya, wato kwaɗayin da ba ya ƙoshi.
(iii) Idan aka kashe wannan ƙishirwa, wahala za ta yanke.
(iv) Akwai hanyar kashe ta, mai rassa takwas.

Rassan su ne kyautata fahimta, da niyya, da magana, da aiki, da sana'a, da ƙoƙari, da lura, da natsuwa. Ya kira wannan hanya matsakaiciya. Ya kuma hori mabiyansa su guji abu biyar: kashe mai rai, sata, alfasha, ƙarya da kayan maye. Matuƙar burin mabiyi ita ce nirvana, wadda asalin ma'anarta ita ce mutuwar wuta, wato wutar kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu.

Wajibi ne malami ya bambance wa ɗalibai tsakanin ɗabi'a da aƙida. Hani ga sata da ƙarya abu ne da Bahaushe ya sani tun a tsangaya. Amma Buddha bai gina koyarwarsa a kan imani da Mahalicci ba, kuma ya yarda cewa ana sake haihuwar mutum bayan mutuwa gwargwadon ayyukansa. Wannan ya saɓa wa aƙidar Musulunci da ta Kirista. Sanin abu daban, yarda da shi daban. Malaman Musulunci irin su Albiruni da Shahrastani, mai littafin Al-Milal wan-Nihal, sun yi rubutu a kan addinan Indiya ba tare da sun bar nasu ba.

9.3 Buddha da Batun Harshe

A zamanin Buddha, harshen ibada da ilimi shi ne Sanskirit, wanda malaman Barahma suka keɓe wa kansu. Shi kuwa ya koyar da harshen da talakawa suke magana da shi. An ruwaito cewa wasu almajiransa biyu sun nemi izinin mayar da maganganunsa cikin harshen manyan littattafai, ya hana su. Da yawa daga masana sun fahimci amsarsa da cewa kowa ya koya da harshensa. Ta fuskar dabarar isar da saƙo kaɗai, wannan ya yi kama da abin da malaman jihadi, irin su Nana Asma'u, suka yi na wallafa waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulatanci don amfanin waɗanda ba su jin Larabci.

Wannan ne ya buɗe ƙofar fassara. Sarki Ashoka, wanda ya mulki yawancin Indiya a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya rungumi koyarwar, ya sa aka sassaƙa umarninsa a kan duwatsu cikin harsunan jama'a. A ƙarni na 1 kafin Miladiyya aka rubuta littattafan addinin da harshen Pali a Sirilanka. A ƙasar Sin, Kumarajiva ya jagoranci fassara a farkon ƙarni na 5, shi kuma Xuanzang ya tafi Indiya ya dawo a 645 da ɗaruruwan littattafai. Littafin ɗab'i mafi daɗewa da ke ɗauke da kwanan wata na wannan addini ne, an buga shi a Sin a 868. A Koriya kuwa, a ƙarni na 13, an sassaƙa littattafan a kan allunan katako fiye da 80,000.

9.4 Tasirinsa a Kan Al'adu da Adabi

Hukumar bincike ta Pew ta ƙiyasta mabiya addinin da miliyan 324 a 2020, mafi yawansu a Asiya. A Indiya, inda ya faro, mabiyansa 'yan tsiraru ne, domin akasarin Indiyawa mabiya addinin Hindu ne. Duk da haka, da'irar da ke tsakiyar tutar Indiya daga ginshiƙin Ashoka aka ɗauko ta. Masu kallon finafinai a Kano sun haɗu da wannan tasiri ba tare da sun ankara ba: fim ɗin Asoka na 2001, wanda Shah Rukh Khan ya fito a ciki, labarin wannan sarki ne, kuma masu askakken kai na finafinan Shaolin sufayen addinin Buddha ne. Mutum-mutumin nan mai tumbi da dariya da ake gani a wasu shagunan Sinawa kuwa ba na Gautama ba ne, na wani sufi ne ɗan Sin mai suna Budai.

Abin da ya fi shafar ɗalibin Hausa shi ne labarai. Akwai tarin labarai 547 da ake kira Jataka, waɗanda da yawansu na dabbobi ne. Wasu daga cikinsu, kamar na kunkurun da tsuntsaye biyu suka ɗauka a kan sanda ya buɗe baki ya faɗo, sun zo kuma a littafin hikima na Indiya mai suna Panchatantra. An fassara wannan littafi zuwa harshen Farisa a ƙarni na 6, sannan Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci wajen shekarar 750 da sunan Kalila wa Dimna. Manazarta adabin Hausa sun lissafa Kalila wa Dimna cikin littattafan da Abubakar Imam ya amfana da su wajen rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939. Ke nan ɗalibin da yake karanta hikayoyin Waziri Aku a Panshekara yana ɗanɗanar ruwan da wani sashensa ya gangaro daga kogin hikayoyin Indiya, inda labaran Jataka su ma suka sha.

9.5 Kammalawa

An ga cewa Buddha mutum ne da ya damu da matsalar wahala, ya kuma tsara hanyar da yake ganin ita ce maganinta. Saƙonsa ya tsallaka duwatsu da tekuna ne saboda an bar shi ya shiga harsunan jama'a. Darasin da malamin Hausa zai ɗauka shi ne, ilimin da aka kulle cikin harshen da mutane ba su ji ba ya nisa. Haka kuma, ɗalibin da zai tashi ya yi aiki tare da baƙi a Challawa ko Sharada ya cancanci amsa ta gaskiya game da su, ba ta jita-jita ba.

9.6 Auna Fahimta

1. Kawo abubuwa huɗu da suka sa Gautama ya bar gidan mahaifinsa.
2. Bayyana gaskiya huɗu da koyarwar Buddha ta ginu a kansu.
3. Yi sharhi a kan matsayin Buddha game da harshen koyarwa, tare da kwatanta shi da na malaman jihadi.
4. Bi diddigin hanyar da hikayoyin Indiya suka bi har suka iso adabin Hausa.