Yadda Ake Gane Ko Babban Adadi Zai Rabu Ba Saura

Bayan kaka, idan riɗi ya yi daraja a kasuwar Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram, kuɗin da ke shiga hannun manomi kan kai miliyoyi. Ranar rabon gado, irin wannan adadi kan sa 'yan uwa su yi cirko-cirko. Alhali lambobin da kansu suna nuna wa mai lura yadda za su rabu tun bai taɓa kalkuleta ba.

A ɗauki misali: magidanci ya rasu a Birnin Kudu, ya bar mata, mahaifiya, 'ya'ya maza 4 da mata 3. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi da wasiyya, saura naira 4,725,600.

Mataki na farko: mai lissafi ya dubi wutsiyar adadin. Idan lambar ƙarshe 0 ce, zai rabu gida 2, 5 da 10. Don gida 8, lambobi uku na ƙarshe kaɗai ake dubawa, domin kowace 1,000 tana rabuwa gida 8. A nan 600 ne, wato 75 sau 8. Sumunin matar, wato kashi ɗaya cikin 8, zai fita cif: naira 590,700.

Mataki na biyu: ya tara lambobin ɗaya bayan ɗaya, 4+7+2+5+6, ya sami 24. Tunda 24 tana rabuwa gida 3, dukan adadin zai rabu gida 3. Wanda ya rabu gida 2 da gida 3 kuwa ya rabu gida 6. Sudusin mahaifiya ke nan, wato kashi ɗaya cikin 6: naira 787,600.

Mataki na uku: ya cire kason nan biyu, saura 3,347,300. Namiji na da rabon mata biyu, don haka kashi 11 ake nema. Sai ya yanka adadin uku-uku daga dama: 300, 347, 3. Ya haɗa na farko da na uku, ya sami 303, ya cire shi daga 347, saura 44. Tunda 44 ita ce 11 sau 4, kuɗin zai rabu gida 11. Sirrin yana cikin 1,001, wadda ita ce 7 sau 11 sau 13, shi ya sa gwajin ke aiki ga 7 da 13 ma.

Kowace mace ta tashi da naira 304,300, kowane namiji 608,600.

Mataki na huɗu: ya sake tara dukan kason, ya tabbatar sun koma 4,725,600.

Haɗa lissafi da gado ba sabon abu ba ne. Al-Khawarizmi, a littafin aljabara da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ware babban sashe ga wasiyya da rabon dukiya. Gwajin lambobi yana nuna rabuwar kuɗi ne kawai. Tantance wanda ya cancanci gado aikin malamin ilimin rabon gado ne ko alƙali, don haka iyali su fara zuwa wurinsu.