Maganin Dafin Gyaɗa: Darasi ga Hakimai da Malamansu

A ƙasashen Bichi da Ɗambatta da Minjibir, inda gona ke manne da gona, ba a barin fili ya huta, gyaɗa ta daɗe tana cikin abin da talaka ke dogara da shi. Amma akwai wata cuta da ke ɓata ta, wadda ya kamata kowane shugaba ya san ta.

1. Asalin cutar. Wata irin fumfuna ce da ke zaune cikin ƙasa. Takan kama gyaɗa da masara, musamman in fari ya matsa musu, ko kuwa an adana su da danshi. Ita ke haifar da dafin da Turawa ke kira afalatoksin. An gane shi bayan 1960, shekarar da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin ƙuli mai dafin. Yana lalata hanta, har ya jawo sankara. Dafuwa ba ta kashe shi. Saboda shi kuwa masu saye na ƙasashen waje sukan ƙi kaya.

2. Yadda aka sami magani. Masana sun tarar cewa cikin dangin fumfunar akwai waɗanda ba su da dafi. In aka yawaita su a gona, sai su mamaye wurin, masu dafin su rasa mazauni. A Amurka aka fara wannan dabara, a gonakin auduga. Sa'an nan cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta zaɓo irin na ƙasarmu, ta shafa a jikin gasasshiyar dawa mai shuɗin launi, aka sa mata suna Aflasafe. Hukumar NAFDAC ta yi masa rajista a 2014.

3. Yaɗuwar masana'antu. A Ibadan aka gina ta fari. Daga baya aka gina wata a Katumani ta Kenya, wata a Kahone ta Sanagal. Dalili kuwa, kowace ƙasa da irin fumfunarta ake haɗa nata maganin, ga kuma tsadar jigila daga nesa.

4. Aikin shugabanni. Masana'anta kome girmanta ba ta amfani sai maganin ya isa gona a kan kari. Saboda haka Hakimi ya umurci dagatai da masu unguwa su sanad da jama'a abu uku. Na ɗaya, a watsa kilo 4 a kowace eka, mako 2 ko 3 kafin fure, ƙasa na da laima. Na biyu, kada a ci wannan dawa, kada a ba dabba. Na uku, a shanya gyaɗa ta bushe sarai, a tsince ruɓaɓɓu, a ɗora buhuna bisa katako.

Malamin Hakimi kuma ya rubuta sunayen ƙauyukan da suka karɓa, da yawan abin da aka watsa, da ranar watsawa, ya miƙa wa malamin gona. Da wannan lissafi za a san abin da za a nema baɗi.