John Charles, Ƙato Mai Kirki

Duk lokacin da aka zo gasar ƙwallo tsakanin gidajen kwanan ɗalibai, mukan ji manyan yara suna cewa wanda bai iya keta ba, ba zai kai labari a fili ba. To, bari mu duba tarihin wani ɗan wasa mu ga ko haka ne.

An haifi John Charles a garin Swansea na ƙasar Wales a 1931. Yana ɗan shekara 17 ƙungiyar Leeds United ta Ingila ta ɗauke shi. Da farko mai tsaron baya ne. Da aka gwada shi a gaba, sai ga shi ya ci ƙwallo 42 a gasar lig ta 1953/54, adadin da har yau ba wani ɗan Leeds da ya kamo. A 1957 Juventus ta Italiya ta saye shi kan fam 65,000. Can ya ci kofin lig sau uku: 1958, 1960 da 1961.

Amma ba ƙwallayen ne suka sa muka zaɓe shi ba. Mutum ne mai tsawon ƙafa 6 da inci 2, ga faɗin ƙirji. Da ya so ramuwa, wa zai tare shi? 'Yan bayan Italiya kuwa sun sha harbinsa da jan rigarsa. Duk da haka alƙalin wasa bai taɓa rubuta sunansa ko korarsa daga fili ba. (Kada mu ce bai taɓa karɓar kati ba, domin sai a 1970 aka fara amfani da katin gargaɗi da jan kati.) Saboda wannan hali Italiyawa suka yi masa laƙabin da ke nufin ƙato mai kirki.

Kada mu ruɗi kanmu, haƙurin nan ya ci masa tsada. A gasar kofin duniya ta 1958 a Suwidin, Wales ta doke Hungari da ci 2 da 1, amma 'yan Hungari sun yi ta sararsa har ya ji rauni. Bayan kwana biyu Wales ta kara da Brazil a zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, Charles yana zaune a waje. Wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Pele ya jefa ƙwallo ɗaya tak, Wales ta fita. Ba ta sake zuwa gasar ba sai a 2022.

Ya koma Leeds a 1962, ya ɗan taɓa Roma, sannan Cardiff City, amma ƙarfin ya riga ya ja baya. A 1997 magoya bayan Juventus suka zaɓe shi baƙon ɗan wasa mafi girma a tarihin ƙungiyar. Ya rasu a watan Fabrairu na 2004.