Yadda ake tantance furen Wedelia da sunansa na kimiyya

Masu shuka furanni a gidajen Tudun Wada ta Sakkwato za su iya cin karo da wani tsiro mai yaɗo, mai ɗan fure ruwan ɗorawa, wanda ake shimfiɗawa a gindin katanga. Masu sayar da dashe suna ce masa Wedelia. Asalinsa Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan.

Kada ka fara da furen, domin danginsa suna da yawa, kuma furanninsu sun yi kama sosai. Tsuguna ka ɗaga reshe guda. In shi ne, za ka ji ya kama ƙasa gam, saboda duk gaɓar da ta taɓa danshi saiwa take fitarwa. Sai ka koma kan ganye, nan ne hujjar take. Biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, masu kauri, kore shar da sheƙi, gefensu da haƙora. Yawanci kowane ganye ya rabu kunne uku, na tsakiya ya fi tsawo. Shafa shi da yatsa, za ka ji ɗan kaushi. Bayan haka ka duba furen: guda ɗaya ne a kan siririn kara, ganyayen gefensa 8 zuwa 13.

Saura suna. Masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa masa Silphium trilobatum a 1759. A 1893 Albert Hitchcock ya mai da shi Wedelia trilobata, sunan da ya bi bakin 'yan lambu har yau. A 1996 John Pruski ya sake masa gida, ya zama Sphagneticola trilobata, kuma shi manyan kundayen tsirrai suke bi yanzu. Shuwaka ma, 'yar danginsa, haka take: wasu masana suna ce mata Vernonia, wasu Gymnanthemum. A ganina, rubuta sabon sunan a kan alamar tukunya, tsohon a ƙarƙashinsa, don ɗalibi da mai lambu su fahimci juna.

In kana da shakka, yanko reshe mai fure da saiwa, ka danne shi tsakanin jaridu har ya bushe, ka rubuta rana da wurin da ka samo shi, ka kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Idan ka yi masa aski, kada ka zubar da rassan a kwata ko fadama. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin halittu 100 mafiya mamaye wuri a duniya, kuma gaɓa ɗaya ta isa ya sake tofowa. Shanya rassan a rana su bushe ƙayau, sannan ka ƙone.