Yadda Ake Rufe Kwantena Da Hatimin Rediyo Mai Tona Asirin Ɓarawo

Kwantena kan yi makonni a hanya, tana bi ta hannun direbobi da ma'aikatan tashar jiragen ruwa da jami'an kwastan. Idan kaya suka iso da giɓi, kowa sai ya rantse ba a hannunsa aka buɗe ba. Don raba wannan gardama aka ƙera hatimin RFID, wanda ke ba da shaida ta igiyar rediyo.

Hatimin kashi biyu ne: ƙusar ƙarfe mai kauri, da kan da take shigewa ciki ta maƙale har abada. A cikin kan akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da eriya, sai siririyar waya da ta bi jikin ƙusar. Yawancin irin waɗannan hatimai ba su da batir. Na'urar karantawa ce ke aiko musu da ƙarfi a zangon megahaz 860 zuwa 960, su kuma su amsa da lambarsu. Muddin wayar nan na haɗe, amsar ita ce lafiya lau. Da zarar an yanke ko an fizge ƙusar, wayar ta tsinke, amsar ta canza. Tun 2017 hukumar kwastan ta Indiya ta umarci masu fitar da kaya da ke rufe kwantenarsu a masana'anta su yi amfani da irinsa, mai cika ƙa'idar ISO 17712 ta matakin tsaro mafi girma. Ga yadda aikin yake tafiya.

Da farko, a duba kwantenar tun tana fanko: bango, rufi, daɓe, musamman sakatun ƙofa da ƙusoshinsu. Gwanin ɓarawo kan kwance hannun sakata ya buɗe ƙofa ba tare da ya taɓa hatimi ba.

Na biyu, a karanta hatimin kafin a ɗaura. Lambar da na'ura ta nuna dole ta zo daidai da wadda aka zana a jikinsa.

Na uku, bayan an gama lodi, a rufe ƙofar hagu, sannan ta dama, a zura ƙusar a ramin hannun sakatar ƙofar dama, domin ita ce ke danne ta hagu. A danna kan har a ji ƙas. Sai a ja da ƙarfi, a murɗa. In ya kwance, ba a saka shi daidai ba, ko kuma jabu ne.

Na huɗu, kuma nan ne zuciyar aikin, a haɗa hatimin da takardun kaya a kwamfuta: lambarsa, lambar kwantena mai haruffa 4 da alƙaluma 7, lambar mota, rana da lokacin rufewa, da tashar da za a nufa. Hatimin da ba a yi wa rajista ba, ƙarfe ne kawai.

Na biyar, a karanta shi duk inda kaya suka sauya hannu. Hatimi marar batir ba ya faɗin wuri ko lokacin da aka taɓa shi; karatu na ƙarshe da ya nuna lafiya shi ke nuna a hannun wa ɓarnar ta faru. A Indiya, in na'urar bakin tasha ta nuna an taɓa, kwastan na buɗe kwantenar su bincika kayan.

A ƙarshe, mai karɓar kaya ya karanta, ya ɗauki hoto, sannan ya yanke ƙusar da almakashin ƙarfe, ya adana guntayen har a gama ƙirga kaya. Ba a sake amfani da shi.

Wannan hatimi ba ya hana sata, shaida yake bayarwa. Saboda haka ɗan kasuwar da ke jiran kwantenarsa a Kano ko Maraɗi ya nemi a turo masa lambar hatimi tun ranar lodi, kuma kada ya sa hannu a takardar karɓa sai ya ga lambar ta dace.